Iskar da Suruki Ya Ɗura

Duk layin babu wanda bai san Guguwa ba. Sunansa na yanka yana nan, amma ko matarsa sai ta yi jim kafin ta tuno shi. Aikinsa kai saƙo a kan babur: magani, takardu, kayan waya, duk abin da aka ɗaure masa a akwatin baya. Kafin mai saƙo ya ajiye waya, ya isa. Mata in sun jiyo ƙarar injinsa sai su fizge yara daga bakin hanya suna ja masa Allah ya isa, shi kuwa ya wuce yana danna musu hon yana dariya.

Sai ranar da katako ya faɗo daga bayan wata motar kaya a gabansa, da rana tsaka. Katakon ma ba wani na a zo a gani ba ne, ko tsohuwa za ta tsallake shi da bokiti a ka. Ga hanya ta dama, ga ta hagu. Amma idon Guguwa ya kafe a kan katakon nan, babur kuma ya bi ido. Ƙafar hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Likitoci suka sa ƙarfe, suka gaya masa a gaban matarsa cewa in ya sake faɗuwa a kan ƙafar nan, to shi da ɗingishi sai kabari.

Ƙafa ta warke, zuciya ta ƙi. Ranar da ya fara fito da babur, bai wuce ƙofar gida ba. Akwai wani ɗan katako da aka shimfiɗa a kan kwata, wanda da can ko kallonsa ba ya yi. Yana hango shi sai tafin hannunsa ya jiƙe, ya ji ƙarfen cikin ƙafarsa ya yi sanyi kamar an zuba masa ƙanƙara. Ya sauka, ya tura babur da hannu ya tsallake. Labulen tagogin layin kuwa duk sai da suka motsa, kafin la'asar har mai kitso ta ƙarshen layi ta ji labari, da ƙarin gishiri.

Surukinsa, mahaifin matarsa, mai faci ne, shagonsa na kallon ƙofar gidansu. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa ya yi kanta kamar kofato. Shagon ɗan ƙarami ne: bahon baƙin ruwa na neman huji, gwangwanin gam, tsofaffin tayoyi jibge har rufi, da injin iska mai tari kamar ɗan taba. Baba Mai Faci yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ba ya wuce taya bai danna ta da yatsa ba, ko ta keken yara ce, ko ta baro. An ce ranar da aka kai shi asibiti, sai da ya sunkuya ya taɓa tayar kujerar da ake tura shi a kai, ya yi tsaki.

"Ka zauna nan," ya ce wa Guguwa. "Ga tiyo, ga benci. Taya ba ta taɓa kayar da mai yi mata iska ba."

Guguwa ya zauna. Me zai ce? Suruki ne. Ya riƙa riƙe tiyo yana yi wa abokan aikinsa na da iska, suna ce masa "Sannu da hutawa, Guguwa," su tayar masa da ƙura su wuce. Da dare ba a magana, amma da rana matarsa takan gan shi yana murza hannun dama a kan gwiwa, kamar mai murɗa totur, bai ma san yana yi ba.

Ɗaya daga cikin abokan nan ne ya ba shi labarin Kadangare, wani siririn mutum da ke koyar da hawan babur a tsohon wurin fasa dutse na bayan gari. Ba gudu ake yi a can ba. Hawa duwatsu ake yi da gungume da matakala, a hankali, kuma duk wanda ya sa ƙafa a ƙasa ya faɗi wasan. Guguwa ya ce wa matarsa za shi ganin likitan ƙashi, ya tafi.

Abin da ya fara gani ya kusa mayar da shi gida. Wani ƙaramin babur ne ramamme kamar karen da ya sha jinya, ba shi da mazauni sam, Kadangare na tsaye a kansa a saman wani dutse da ya fi mutum tsayi, bai motsa ba, ƙafa kuma ba ta ƙasa. Ya gangaro kamar ruwa, ya tsaya a gabansa.

"Kai ne Guguwa? Na ga ka fi kama da iskar fanka. Hau."

"Ina zan zauna?"

"Nan ba gidan surukai ba ne da za a shimfiɗa maka tabarma. A tsaye ake yi."

Kafin ya hau, Kadangare ya durƙusa ya danna bakin tayar baya da makulli, iska ta riƙa fita tana huci. Guguwa, wanda ya kwana biyu a shagon faci, ya ji abin har cikin haƙoransa.

"Malam, ai ka kashe tayar!"

"Danna ka ji." Guguwa ya danna, yatsansa ya nutse kamar a kumatun jariri. "Tayar titi dutse ce, don gudu aka yi ta. Wannan tafin hannu ce. In ta zo kan gungume sai ta lanƙwashe ta rungume shi. In ka cika ta, za ta yi tsalle kamar ƙwallo ta zame, ta watsar da kai. Ka riƙe wannan: kowa shi ke duba tayarsa. Ni ba na taɓa tayar kowa bayan yau."

Haka aka fara. Da farko ko injin ba a tayar ba, tsayuwa kawai, gwiwoyi a buɗe a ɗan lanƙwashe, yatsa ɗaya a kan kuloci, ɗaya a kan birki. Guguwa da ke ratsa kasuwa kamar walƙiya ya kasa tsayuwar numfashi uku, ƙafa sai ta nemi ƙasa, kuma kullum ta dama, don yana ɓoye ta hagu kamar kayan sata. Daga nan aka koma zagaye a hankali, tafiyar da kunkuru zai wuce ka ya waiwayo. Sannan Kadangare ya ajiye sandar tsintsiya a ƙasa ya ce ya tsallake.

Sandar tsintsiya fa! Guguwa ya nufo ta, sai ta kumbura a idonsa, ta zama katakon nan, har ya ji ƙamshin kwalta mai zafi da ihun mutane. Ya damƙe birki, injin ya mutu.

"Me kake kallo?" in ji Kadangare.

"Sandar."

"Ta ci maka wani abu ne? Babur ba shi da ido, naka yake ara. Inda ka kalla nan za shi. Ka kalle ta sau ɗaya daga nesa ka san inda take, sannan ka ɗaga kai ka kalli inda kake son sauka. Ni zan tsaya a can. Kalli munin fuskata."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, amma a hankali tsumma ya koma tsumma. Daga sanda aka je bulo, daga bulo aka je tsohuwar tayar mota. Ya koyi yadda ake danna babur ƙasa da nauyin jiki, a sake shi ya taso, a daidai lokacin a ɗan saki kuloci a ba da wuta kaɗan, sai tayar gaba ta ɗaga da kanta ba da ƙarfin hannu ba. Ya koyi ajiye yatsun ƙafar dama a kan birkin baya, don in gaba ya ɗaga ya wuce kima, taɓawa ɗaya ta dawo da shi. Amma can gefe akwai wani gungume, kututturen itace da ya kai gwiwa, yana kwance yana jiransa. Ko ruwa zai sha, sai ya juya masa baya.

Zance ba ya ɓuya a layin nan. Wata mai sayar da itace ta gan shi, ta gaya wa mai kitso, mai kitso ta gaya wa kan da ke hannunta, kan nan kuwa na ƙanwar matarsa ne. Ya dawo ya tarar da matar zaune a bakin gado, idanu sun yi ja, surukin kuma yana tsaye a tsakar gida.

"Likitan ƙashin naka a kan dutse yake duba marasa lafiya?" ta ce. "Baban Auta, so kake in riƙa ɗaga ka ina kwantarwa?"

Baba Mai Faci bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. "Yaushe za ka hau itacen da ake faɗi?"

"Jibi, Baba."

"To zan zo in gani da idona. In ka haye, ka ɗauki babur ɗinka ka koma aikinka, ba ni ƙara cewa uffan. In ka faɗi, ko ka kasa, ka dawo benci, kuma kada in ƙara jin zancen. Ka yarda?"

Guguwa ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda.

Ana gobe za a hau, Kadangare ya kawo masa ramammen babur ɗin a bayan motarsa, ya ce ya yi ta gwada tsayuwa a tsakar gida, da safe zai zo ya kwashe su gaba ɗaya. Da gari ya waye Guguwa ya fito daga wanka, tawul a wuya, ya ga wurin da ya jingine babur wayam. Sai ya jiyo tarin injin iska daga tsallaken hanya. Gabansa ya yanke ya faɗi.

Ya tarar da surukinsa a tsugune, tiyo a bakin tayar baya, fuskarsa cike da ɓacin rai irin na mai ƙauna.

"Wannan malamin naku kashe ka yake son yi? Dubi abin da ya ba ka! Tayar nan ko ta baron shara ta fi ta iska. Shi ya sa kuke faɗuwa." Ya zare tiyo, ya buga tayar da dunƙulen hannu, ta amsa kamar ganga. "Yauwa. Gaba da baya duk na cika. Ba za a ce mijin 'yata ya fita daga ƙofata da taya a kwance ba."

Guguwa ya buɗe baki. Ga maƙwabta biyu a kan benci, ga matarsa a ƙofar gida tana kallo, ga tsoho yana goge hannu da tsumma, ya fito tun kafin ya karya kumallo don ya tsare masa rai. Mutumin da ya yi wa tayoyi iska tun kafin a haife shi, yau shi zai ce masa bai iya ba? Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

A mota ya yi ta lissafin yadda zai faki ido ya rage iskar. Ina! Tsohon ya ƙi shiga gaba, ya hau baya ya zauna kusa da babur, hannunsa a kan taya kamar mai rakiyar amarya. Da aka isa ma bai matsa ba, ya samu dutse ya zauna daf da inda ake tashi. Matar ta tsaya a bayansa, ta cusa bakin mayafi a baki.

"Ɗumama jiki da bulo tukuna," in ji Kadangare, ya tafi can bayan gungume.

Guguwa ya sa hular kwano, ya tayar da injin. Tun daga taku na farko ya ji babur ɗin ba nasa ba ne. Kowace tsakuwa sai ta harbo shi sama. Ya nufi bulon da ya saba hayewa ido rufe, ya ɗaga gaba, gaba ta haye, tayar baya ta doki bulo ta yi tsalle ta zame gefe. Babur ya karkata hagu. Hagu! Ƙafar da yake ɓoyewa ita ta dira a ƙasa da dukan nauyinsa, wani zafi ya tsarga daga ƙauri har ƙeya. Matar ta ƙwala salati. Ya tsaya cak yana jiran ya ji ƙarar nan da ya sani, ƙarar busasshen rake. Bai ji ba. Ƙafar ta riƙe.

"Ka gani ko?" Baba Mai Faci ya miƙe. "Da cikakkiyar iska ma ke nan. Da na bar ta yadda take, da yanzu muna hanyar asibiti. Sauko mu tafi gida, ɗana. Ba abin kunya ba ne."

Kadangare ya ƙaraso a hankali. Bai taɓa tayar ba, kallonta kawai ya yi, ya kalli tsohon da baƙin gam a farcensa, ya gane komai. Guguwa ya roƙe shi da ido kada ya yi magana. Kadangare ya matso kamar zai gyara masa igiyar hula, ya yi ƙasa da murya.

"Da wannan tayar, gungumen nan zai jefar da kai, kuma ta hagu za ka faɗi, don can yake gangare. Ni ba zan taɓa ta ba, na gaya maka tun ranar farko. Tayarka ce, ƙafarka ce, surukinka ne." Ya juya ya koma wurinsa.

Gaba kura, baya sayaki. In ya hau a haka, ƙafa. In ya sauka, benci da tiyo har tsufa. In kuwa ya rage iskar, ya kwance wa tsoho zani a kasuwa, a gaban 'yarsa da bare. Gumi ya riƙa bin bayansa yana shiga wando. Ya kalli gungumen, ya ga ya ƙara tsayi. Wallahi a ransa ya fi jin tsoron tsohon da ke tsaye da hula a hannu.

Ya kashe injin. Ya sauka, ya jingine babur a jikin dutse, ya zo gaban surukinsa ya durƙusa har ƙasa, ƙafar na zogi.

"Baba, ka yafe mini. Zan rage iskar."

"Za ka me?"

"Wannan ba irin tayarmu ba ce. Da laushi take kama itace. Tun da safe ya kamata in faɗa, nauyinka ya hana ni."

"Baban Auta!" in ji matar, kamar ya zagi wani.

Guguwa ya ja gwiwa zuwa wurin taya, ya ciro makulli, ya danna bakin tayar. Iskar ta fara fita. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai hucin nan, dogo, ba ya ƙarewa, iskar da tsoho ya ɗura da sassafe tana tsiyayewa a gaban idonsa. Guguwa bai yarda ya ɗaga kai ba. Ya danna da yatsa, da saura, ya ƙara. Ya koma ta gaba. Da ya gama ya miƙe, sai ya ga surukin ya juya musu baya yana kallon duwatsu.

Ya hau, ya tayar. Ya tsaya a kan matakan ƙafa. Ya kalli gungumen sau ɗaya, sai idon ya manne. Ga ɓawon itacen, ga wani tsagi a jikinsa, ga ƙamshin kwalta yana dawowa, babur kuma yana matsawa, yana matsawa.

"Munin fuskata, Guguwa!" Kadangare ya daka tsawa. "Nan!"

Ya fizge idonsa kamar mai cire ƙaya, ya ɗora a kan haƙoran Kadangare. Ya danna, ya saki, ya ba da wuta. Gaba ta tashi ta sumbaci saman gungume. Ya turo jiki gaba ya sauƙaƙa ƙafafunsa, sai ya ji tayar baya ta daki itacen, ta lanƙwashe, ta kama, ta hau. Na ɗan lokaci yana sama, ba ƙasa a ko'ina. Sannan gaba ta dira, baya ta biyo, babur ya yi tangal-tangal kamar ɗan maye, ya nufi Kadangare har sai da ya yi tsalle gefe yana zagi. Guguwa ya taka birki ya tsaya. Sai a lokacin ya sa ƙafa a ƙasa, kuma bai san ta hagu ya sa ba sai daga baya.

Ba wanda ya yi tafi. Matar ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya tana ce masa mugu. Shi kuwa ya cire hula, ya sunkuya a bayan dutse ya amayar da ɗan shayin da ya sha.

Da ya ɗago, Baba Mai Faci yana tsugune a gindin babur. Ashe ya waiwayo a kan lokaci, ya gani. Ya danna tayar baya da babban yatsan nan nasa, yatsan ya nutse. Ya je ya shafa gungumen inda tayar ta bar zanenta, ya dawo ya sake dannawa, ya girgiza kai kamar wanda aka nuna wa kaza mai haƙori.

A hanyar dawowa gaba ya shiga, bai yi magana da kowa ba. Guguwa na baya da babur, yana tunanin ko ya haye itace ya rasa suruki. Da aka tsaya a ƙofar shago tsohon ya sauka, ya buɗe kwaɗo, ya kunna injin iska ya bar shi ya gama tarinsa. Sannan ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Wancan abin wasan naku, ku yi ta hawansa a kwance, ba ruwana. Amma na aikin, wanda ka rufe da buhu, ya daɗe a ajiye, na san tayoyinsa sun sauka. Fito da shi in duba. Titi ba gungume ba ne."

Guguwa ya shiga gida ya yaye buhun. Da ya turo babur ɗin zuwa ƙofa, ga ɗan katakon kwata yana nan inda yake. Tafin hannunsa ya jiƙe kamar kullum. Ya goge a wando, ya hau, ya ɗaga kai ya kalli tsohon da ke tsaye a tsallaken hanya da tiyo a hannu, ya saki kuloci. Labulen mai kitso ya motsa.